Kujerar Gaba

Ranar Laraba da hantsi suka ba Cleophus Batts kujerar gaba, a nan ya san matarsa Ozella ta rasu.

Ya fito daga ɗakin masaukinsu na Pine Bluff, jita a hannu ɗaya, takalman wasa a ɗayan, ya nufi bayan mota kamar kullum. Can ne mazauninsa tun da suka sayi tsohuwar bas ɗin: kujerar ƙarshe, tsakanin akwatin lasifika da buhun kayan wanki, inda yake jingina kai ya yi ta barci daga wannan gari zuwa wancan. Sai ya tarar Purvis mai babbar jita ya riga shi, ya miƙe ƙafa, ya rufe fuska da hula. Hosea mai ganguna, wanda shi ne direbansu, ya buɗe ƙofar gaba ya riƙe, idonsa a kan taya.

"Maigida, yau nan za ka zauna. Ka ɗan sha iska."

Cleophus ya dubi Lemuel mai busa hamonika, abokinsa tun suna yara a gonar auduga. Lemuel ya duƙufa goge tabarau da gefen riga, kamar wanda aka biya ya yi aikin.

Bai tambayi kowa komai ba. Ya shiga ya zauna.

Dokar tasa ce, shi ya kafa ta. Shekarun baya, a wani gidan rawa can Louisiana, aka kira Lemuel a tarho ana gab da hawa dandamali, aka ce ƙanensa ya nutse a kogi. Lemuel ya hau duk da haka, ya busa rabin waƙa, sai ya zauna daɓas a gaban jama'a ya ɓarke da kuka. Mashaya suka hau jifa da kwalabe, har aka fasa wa mai piyanonsu na lokacin kai. Washegari Cleophus ya tara su ya ce daga yau duk wanda ya ɗauki mummunan labari daga gida ya riƙe shi a bakinsa sai an sauko daga wasan ranar. Wanda ya mutu ya riga ya mutu, in ji shi, ba inda za shi kafin a tashi.

Kujerar gaba ba ta cikin dokar, ita da ƙafarta ta zo. Ba mai iya wuni yana kallon fuskar mutumin da yake ɓoye wa mutuwa, shi ya sa suka koma sa shi gaba, su riƙa kallon ƙeyarsa. Haka aka yi wa Purvis ranar da mahaifiyarsa ta cika, kuma Cleophus da hannunsa ya buɗe masa ƙofar.

Ko wace ce ta mutu, bai sha wahalar tunani ba. Iyayensa sun daɗe a ƙasa. 'Yarsa Verdell lafiyarta garau, ƙarti biyu ba sa kayar da ita. Ozella ce ya baro a Belzoni ƙafafu a kumbure, tana haki in ta hau matakalar baranda. Ranar da zai taho ya tsaya a bakin ƙofa ya ce ko ya fasa tafiyar, ta ce masa ya kama hanya, zaman gidan da bai yi da ƙuruciya ba, ba yanzu zai fara shi ya cika mata ɗaki da warin taba ba.

Mota ta hau kwalta, ya zauna yana jiran abin ya zo masa. Ya laluba ƙirjinsa kamar mai taɓa haƙorin da aka yi wa allura: ya san wurin, ya san ya kamata ya yi ciwo, amma shiru. Ya gwada tuno fuskarta, sai labulen ɗakin girki ya zo masa, wanda aka yi wa zanen lemo. Gonakin shinkafa suna wucewa, turakun waya suna wucewa. Ya lura madubin gefen nan ya tsage, ya yi mamakin yadda bai taɓa sani ba.

Da rana suka tsaya cin abinci. Purvis, wanda ko ƙayar kifi bai taɓa bar wa wani ba, ya turo masa babban yankin tarwaɗa da burodin masara. Cleophus ya cinye tas. Ya ji gishirin ya yi yawa.

A gidan mai ya hango ɗakin tarho a gefen titi, ya shiga ya ja ƙofa. Ya ɗaga kan tarhon, ya riƙe kwabo a hannu, ya tsaya. In ya buga, Verdell za ta yi kuka, shi kuma sai ya nemo abin faɗa, ga shi babu komai a bakinsa. Ya yi lissafinsa a tsaye. Mutanensu ba sa gaggawar binne gawa. Sai 'yan'uwan Detroit sun nemi hutu a masana'anta, na Chicago sun haɗa mota, sai matan coci sun shirya fararen kayansu. Asabar ta sama ita ce mafi kusa. Wannan Asabar ɗin kuwa ita ce ta babban zauren Chicago, wasan da ya tsufa yana nema, wanda aka ce wani mai kamfanin faifai zai zo ya saurara. Zai iya gama duk wasanninsa, ya isa gida Lahadi, har ya sami sararin zaɓen akwatin gawa.

Ya mayar da kan tarhon, ya sa kwabonsa a aljihu. Da ya fito ya ga Lemuel yana kallonsa ta tagar mota.

Wasan St. Louis ya yi kyau fiye da yadda ya kamata. Cleophus yana da wani salo da ake zuwa gani: a tsakiyar waƙar matar da ta bi jirgin ƙasa, sai ya ja tsirkiya ɗaya sama har jitar ta yi kamar mai kuka, ya runtse ido, ya bar zufa ta gangaro. Mata su yi ta ihu suna ɗaga hankici. Tun tuni ya daina jin komai in yana yi, yakan yi tunanin ciwon bayansa ne ko kuɗin mai. A wannan ranar ya sa rai ko abin zai fashe masa a daidai wurin. Ya ja tsirkiyar, ya runtse ido, mata suka yi ihu. Ya ji takalmin hagu yana matse masa ɗan yatsa.

Suna sauka Lemuel ya tare shi a lungun da suke ajiye kaya, hula a hannu. Cleophus ya san wannan tsayuwar, shi ma ya sha yin ta.

"Cleo, tsaya mu yi magana. Verdell ta bugo masauki da sassafe."

"Na sani."

"Ka buga gida ke nan? Na gan ka a ɗakin tarho."

"Na ce maka na sani, tsohon banza. Riƙe mini wannan wayar lasifikar in naɗe."

Lemuel ya riƙe wayar. Ya tambaya yaushe za su juya. Cleophus ya ce in sun gama Chicago.

"Asabar fa ke nan, Cleo."

"Za ta jira."

Lemuel ya dube shi. Sannan ya ajiye wayar a ƙasa, ya sa hularsa ya fita.

Ranar Alhamis suka yi Indianapolis. Tun daga safe motar ta yi tsit. Babu caca a kan akwatin lasifika, babu mai tsokanar Purvis a kan bazawarar da ta bi shi da tsintsiya a Shreveport. Hosea ya daina ce masa maigida, in zai yi masa magana sai ya yi wa sitiyari. A wasa kuwa ya riƙa dukan gangunan kamar sun zagi uwarsa. Cleophus ya ɗauka duk girmama mai makoki ne, har ya ji sun kyauta. Ya ci gaba da zama a gaba yana kallon titi na shigewa ƙarƙashin mota. Garuruwan duk kamarsu ɗaya: gidan mai, coci, wurin sayar da tsofaffin motoci, sai kuma gona. Ɗakunan masauki duk warinsu ɗaya. Ya kwanta a nasa gefen gadon, ya bar ɗaya gefen, abin da ko a gida ba ya yi, ya farka bai yi mafarki ba.

Juma'a da rana suka shiga Gary, hayaƙin masana'antun ƙarfe ya rufe sama. Wasa sai dare, don haka Cleophus ya ce Lemuel ya raka shi kanti. Baƙar kwat yana da ita, ta wasa, amma laktayen wuyansa duk ja ne da ruwan zinare, kuma ya san Ozella: ko a akwati take sai ta harare shi in ya shiga cocinta da su.

Mai kantin wani dattijo ne mai tef a wuya. Ya zubo laktaye kala-kala a kan tebur. Cleophus ya ture su ya ce baƙi yake so, wuluk, marar ado, na jana'iza. Dattijon ya sassauta murya ya yi masa ta'aziyya, ya ɗauko ɗaya ya hau naɗewa a takarda.

Lemuel bai ɗaga murya ba. Da ma shi fushinsa a hankali yake fita.

"Na san ka tun ba ka da takalmi, Cleo, amma ban san rashin imaninka ya kai nan ba. Mace na kwance tana kiran sunanka, kai kana nan kana zaɓen abin da za ka ɗaura ranar binne ta. Ka bari ta mutu mana tukuna."

Cleophus ya juyo a hankali.

"Wa ke kiran sunana?"

"Wa ka aura?"

Suka tsaya suna kallon juna. Mai kanti ya daina naɗi. Cleophus ya ga bakin Lemuel ya buɗe kaɗan, ya ga ya laluba bayansa ya sami kujera ya zauna.

"Ba ka buga ba," in ji Lemuel. "Wayyo Yesu. Ba ka buga ba."

Sai maganar ta fito gutsure-gutsure. Hosea ne ya ɗauki tarhon ranar Laraba. Verdell ta ce zuciyar uwarta ce, an kwashe ta zuwa asibiti, likita ya ce a kira na nesa su zo. Hosea ya so ya buga masa ƙofa a take, Purvis ya ce doka doka ce, ai ko uwarsa sai da aka sauko aka faɗa masa. Suka yanke a bari a yi St. Louis, in ya so a juya a daren. Da ya ce ya sani, za ta jira, sai suka ɗauka faifai ya zaɓa ya bar matarsa. Kwana biyu ke nan Hosea yana cewa da an gama Chicago shi ya bar ƙungiyar.

"Kuka ba ni kujerar gaba a kan mai rai," in ji Cleophus.

"Mummunan labari ka ce. Ba ka taɓa cewa mutuwa kaɗai ba."

"Daga Pine Bluff, Lemuel. Da na ci abincin rana a gida."

Mai kanti ya tsaya da ƙunshin a hannu bai san inda zai kai shi ba. Tunda an riga an naɗe, Cleophus ya biya, ya cusa a aljihun kwat.

Akwai tarho a bakin kantin. Wannan karon ya jefa kwabon. Verdell ta ɗauka tun bugun farko.

"Baba. Ashe ka tuna kana da gida."

Ya tambaya ko tana da rai. Ta ce da safe dai ta sha ruwa cokali biyu. Sun dawo da ita gida jiya, domin ta ce ba za ta mutu tana kallon rufin da ba nata ba. Tun Laraba take tambayarsa, da aka dawo da ita kuma ta riƙa sa a leƙa titi duk motar da ta wuce.

"Jiya da yamma ta daina tambaya," in ji Verdell. "Ka zo ko kar ka zo, ni dai na faɗa maka."

Ta ajiye. Ya tsaya da kan tarhon a kunne. Kan yana warin man gashin wani. Ya sake laluba ƙirjinsa, har yanzu shiru, ya mayar da kan a mazauninsa.

Kafin ya iso masauki Lemuel ya riga ya faɗa musu. Hosea ya ɗora ganguna, inji na aiki. Purvis ya fara cewa ai Chicago ga ta nan ana hango ta, ko a yi na goben kawai, Hosea ya ce masa in ya ƙara kalma ɗaya zai yi wasan shi kaɗai da babbar jitarsa, a ƙafa kuma zai je. Suka bar saƙo wurin mai masauki ya kai gidan rawa. Cleophus ya kama ƙofar gaba, Hosea ya dafe ta.

"Koma mazauninka, maigida. Ba wanda ya mutu."

Ya koma baya, tsakanin lasifika da buhun wanki. Wurin da ya yi shekaru yana barci kamar gawa, yau idonsa ya ƙi rufuwa.

Hosea ya taka motar yadda ba a taɓa taka ta ba. Ƙofofi na karkarwa, faifan ƙarfen ganguna na ƙara a baya. Sun nutsa cikin gonakin masarar Illinois, rana ta yi ja, sai suka ji wani abu ya yi tas a gaba, tururi ya turnuƙe gilashi. Hosea ya gangara gefe ya buɗe boneti. Bel ɗin fanka ne ya tsinke, ya rabu biyu kamar busasshiyar fata. Hagu masara, dama masara, ko hasken gida ɗaya babu.

Suka zazzage motar neman abin ɗauri. Tsirkiyar jita ta yanke hannun Purvis, ta kuma zame. Ɗamarar wandon Lemuel ta yi kauri. Hosea ya ce shi dai da za a sami safar mata doguwa, da ya kai su gari na gaba, ya taɓa yi. Purvis ya ce a duba jakar Lemuel, ba a rasa ba. Ba wanda ya yi dariya.

Cleophus ya sa hannu a aljihun kwat ya ciro ƙunshin, ya yage takardar, ya miƙa. Hosea ya dubi baƙin laktayen, ya dube shi, ya ja shi da hannu biyu ya ji ƙarfinsa. Ya zagaya shi, ya ɗaure tamau, ya datse saura da wuƙa. Suka juye ruwan shansu a lagireto.

A hankali suka riƙa tafiya, kowa ya kasa kunne. Warin ƙonannen ƙyalle ya cika motar. Laktayen ya kai su har bakin wani ƙaramin gari kafin ya tarwatse, suka tura motar sauran hanyar zuwa garejin wani bakanike da ya fito da cokali a hannu. Da ya ji inda za su da dalili, bai koma kan abincinsa ba sai da ya sa musu sabon bel.

Sauran tafiyar duhu ne da fitilun manyan motoci. Cleophus yana zaune ido biyu. Ya yi ƙoƙarin shirya abin da zai ce mata, duk abin da ya zo masa sai ya ga baitin wata waƙarsa ne da ya sha sayarwa. Ya haƙura. Gari ya waye musu bayan sun wuce Memphis, auduga ta fara bayyana fari fat a gefen hanya.

Da suka karyo kwanar gidan ya ga motoci a tsakar gida, ga matan coci a baranda da kwanuka a rufe bisa cinya. Abinci ba ya zuwa gida haka sai an yi rashi. Hosea ya kashe inji, ba wanda ya motsa.

Cleophus ya sauka da jitarsa, don hannunsa bai san sauka babu ita ba. Ya hau matakala. Sista Luvenia, shugabar matan coci, ta dubi akwatin jitar kamar ya shigo da kare. Tun ranar aurensu Ozella ta ce kiɗan buluz na gidan giya ne, ba zai ƙetare mata ƙofa ba, kuma bai taɓa ƙetarewa ba. Ya jingina jitar a inda take kwana, bayan kujerar lilo.

Verdell ta fito, idanu a kumbure. Ba ta gaishe shi ba.

"Sun gaji da jira ne suka kawo abincin tun yanzu," ta ce. "Shiga. Tana farke."

An tada kan Ozella da matasai. Ta ragu, kamar an wanke ta ta shige. Numfashinta na fita da ƙara. Ya tsaya a ƙofa da hula a hannu har ta juyo da ido.

"Mista Batts," ta ce. "Wa ya mutu?"

"Ba kowa."

"To me ya kawo ka gida ran Asabar?"

"Mota ce ta lalace."

Gefen bakinta ya motsa. Ta nuna masa kujera da yatsa, ya jawo ya zauna. Ta huta, sannan ta tambaya ko sun ba shi gaba. Ta san dokar, ta sha ce masa dokar marasa tsoron Allah ce. Ya ce sun ba shi, tun Laraba. Ya faɗa mata duka, har da laktayen, don bai san yadda zai rage ba. Da ya zo kan bel ɗin fanka ta yi wani sauti da ya ɗauka tari ne, ashe dariya ce.

"Kwana biyu ina matacciya a wurinka," ta ce. "Ka yi kuka?"

Ya dubi hular da ke hannunsa.

"A'a."

"Na sani. Ba ni hannunka."

Ya ba ta. Ta shafa kan yatsunsa na hagu, inda tsirkiya ta mayar da fatar kamar ƙaho. Ta ce yaushe rabon da ya ji wani abu da waɗannan. Ya ce ya manta. Suka zauna haka, rana na hawa bangon ɗakin. Ta yi barci, ta farka, Verdell ta jiƙa mata leɓe. Ya zauna bai tashi ba, ko taba bai fita sha ba. Ƙafarsa ta yi sanyi, ya bar ta.

Da la'asar ta buɗe ido ta ce a ɗaga mata taga. Tagar baranda ce.

"Je ka kaɗa mini abin nan naka."

"In shigo da ita?"

"A gidana? Ban mutu ba tukuna. Daga waje, yadda ka saba. Kana tsammani duk shekarun nan kurma ce ni?"

Ya fita. Matan coci suka ja kujerunsu baya da suka ga yana buɗe akwatin. Sista Luvenia ta buɗe baki, Verdell ta leƙo ta taga ta ce Mama ce ta sa, ta rufe bakinta. Lemuel da Hosea da Purvis suna zaune a inuwar mota da faranti a cinya, suka daina ci.

Ya zauna a kujerar lilo, bayansa ga tagar. Babu lasifika, babu ganguna. Bai yi ta matar jirgin ƙasa ba. Ya kama wani tsohon kiɗa marar suna da yakan yi shi kaɗai a nan in ya dawo daga tafiya, ya kasa shiga ciki. A hankali yake tafiya, yana komawa inda ya fara. Bai runtse ido ba. Yana kallon kajin maƙwabta suna tono a gindin shinge.

Ya zagayo na uku ke nan ya ji ƙarar ƙofar raga. Ta gefen ido ya ga Verdell ta fito ta tsaya, hannuwa a naɗe cikin ƙyallen girkin da ta ɗaura a ƙugu. Jira take ya kai ƙarshe. 'Yarsa ce, a gidan dokar ta girma.

Yatsunsa sun riga sun nufi baiti na gaba da kansu. Kiɗan ba shi da ƙarshe, zai iya jan sa har rana ta faɗi, ita kuma za ta tsaya. Bai taɓa yanke waƙa a tsakiya ba, ko ranar da aka yi harbi a gidan rawa a Texarkana.

Ya ɗora tafin hannunsa a kan tsirkiyoyin. Sautin ya mutu.

"Faɗa mini yanzu," ya ce.

Ta faɗa masa.

Ya gyaɗa kai. Ya jingina jitar a bayan kujerar lilo, ya cire hula, ya bi ta ciki. Wajen tura ƙofar wata 'yar waya da ta fito daga ragar ta soke shi a kan yatsa, ya ji zafin har ya tsaya ya duba wurin.